Babanta ya kafe sai makarantar kwana mai suna, ni kuma hankalina bai kwanta ba

Salamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. 'Yata ta fari shekararta 11, bana take gama firamare, kuma yau kusan wata biyu kenan ni da babanta mun kasa daidaitawa akan sakandaren da za'a sata. Shi ya kafe sai wata makarantar kwana mai suna wadda yaran abokansa suke ciki, wai duk shekara ba wanda yake faɗuwa jarrabawar fita, har wani ƙaton allo suke kafawa a bakin get da hotunan yaran da makinsu. Kuɗinta kuwa sai dai muci bashi, ga ƙannenta biyu suna tasowa. Ni kuma akwai wata ta jeka-ka-dawo da bata da nisa damu, bata da wani suna amma maƙociyata tana yabonta sosai. Yarinyar shiru-shiru ce, ko an cuceta bata iya faɗa, a aji tsaka-tsaki take, sannan tana da asma. Duk sanda nayi magana sai yace wai son zuciyata ne, bana so tayi nisa dani shi yasa zan tauyeta. Ni kuma wlh ko naje makarantar ban san me zan tambaya ba. Dan Allah ki bani shawara.

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana su. Sau biyu na karanta saƙonki, kuma abin da yafi tsaya min a rai shine duk cikin bayanin nan babu inda kika ce ke ko shi wani ya taɓa taka ƙafa ya shiga ɗaya daga cikin makarantun nan biyu. Shi allo ya gani a bakin get da hirar abokai, ke kuma maƙociya ce ta baki labari, kinga kenan wata biyu kuna ta cinikin biri a sama, kowa ya ɗaure fuska yana kare abin da bai gani ba.

Bari in fara da maganar da ya faɗa miki tunda nasan ita tafi miki ciwo. Kar kiyi saurin fushi, ki zauna ke kaɗai ki tambayi zuciyarki, da ace makarantar kwanan nan kyauta ce kuma yarinyar bata da asma, zaki yarda ta tafi? In kinji zuciyarki tace a'a toh akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, kuma ba wani abin kunya bane, uwa ce ke, ita kuma 'yar fari. Sai dai ki ware wannan gefe ɗaya kar ki cakuɗa shi da hujjojinki na gaske, domin kina da su, manya ma kuwa, amma da zarar yaji kewa ce take magana da bakinki duk sauran zai haɗa ya watsar.

Toh muje ga allon nan na bakin get. Nayi shekaru masu yawa ina koyarwa a sakandare kafin in ajiye alli, kuma a wata makaranta da na taɓa aiki mu ma muna da irin wannan allon, har fenti ake sake masa duk shekara. Abin da mai wucewa bai sani ba shine kafin ayi rajistar jarrabawar fita sai munyi ta gwaji a cikin gida, duk yaron da aka ga alamar zai ɓata mana lissafi sai a kira iyayensa ofis a basu kujera a basu ruwa, a ce musu ai dan amfanin yaron ne gara yaje ya zauna jarrabawar a wani wuri ko ya maimaita aji. Akwai wata yarinya da na koyar shekara huɗu, mai ladabi mai ƙoƙarin zuwa aji, lissafi ne kawai yake bata wahala, da idona na ga babanta ya fito daga ofishin nan yana riƙe da jakarta ko kallon mutane baya iya yi, bayan duk kuɗin da ya zuba. Shekarar nan allonmu ya nuna kowa yaci. Kuma ba ƙarya mukayi ba fa, duk wanda ya zauna yaci, waɗanda ba zasu ci ba ne muka hana su zama. Har yau in na tuna abin yana min ɗaci tunda ni ma ina wajen kuma ban ce komai ba.

Ban ce makarantar da maigidanki yake so haka take ba, Allah ya sani ban santa ba. Amma akwai tambaya ɗaya da take tona wannan asirin, kuma ita nake so ki riƙe ko da kin manta duk sauran: yaran nan da suke kan allo, su nawa ne ranar da suka shigo aji ɗaya, su nawa suka kai ga zama jarrabawar, ragowar ina suka tafi? In ɗari da ashirin suka shigo saba'in suka fita toh a gaya miki labarin hamsin ɗin, domin 'yarki da kika ce tsaka-tsaki take zata iya faɗawa cikinsu. Makarantar da bata da abin ɓoyewa a take zata buɗe rajista ta nuna miki, wadda take da shi zaki ga firinsifal ya fara zagaye-zagaye yana baki labarin tsohon ɗalibinsu da ya zama likita.

Ko babu wannan wayon ma, makarantar da take tace yara da jarrabawa mai tsauri tun daga ƙofa ta ɗebi waɗanda dama can masu ƙoƙari ne, 'ya'yan gidajen da ake karatu ake biya musu lesin, ai dole sakamakonta yayi kyau, ko a gindin bishiya aka zaunar da irin yaran nan zasu ci. An bincika wannan abu da kyau. A 2014 wasu masana tattalin arziki su uku, cikinsu har da Joshua Angrist wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2021, sun duba manyan makarantun gwamnati na Bostan da Niyok a Amurka, irin waɗanda iyaye suke rububi kuma sai da jarrabawa ake shiga. Dabarar da sukayi ta burgeni, sai suka ɗauki yaran da suka shiga da ƙyar, wato makinsu ya haye layin da ɗan kaɗan, da kuma waɗanda suka rasa da ɗan kaɗan suka tafi makarantun da basu kai waɗancan suna ba, tunda kusan ƙoƙarinsu ɗaya ne, aka bi su aka ga daga baya makin da suke ci a jarrabawa kusan duk ɗaya ne. A shekarar dai aka fitar da irin wannan binciken akan manyan makarantun ƙasa na Kenya, shi ma kusan abin da ya nuna kenan. Dan kar ince na ɓoye miki wani ɓangare, a Romaniya an samu yaran da suka shiga makarantar da tafi sun ɗan fi cin jarrabawar fita, amma a nan ɗin ma an lura da abu biyu, yaran da suka shiga da ƙyar sun riƙa jin kansu a matsayin na baya a cikin aji, iyayensu kuma sun rage taimaka musu da karatu a gida tunda a ganinsu an riga an kai su inda za'a yi musu komai. Wannan na biyun ki karanta wa babanta shi a hankali.

Abin da nake nufi, yarinya mai tsaka-tsakin ƙoƙari kuma mai shiru, in ta faɗa ajin da kowa ya fi ta baki ya fi ta sauri, ba lallai bane su jata sama, wani lokacin sai ta koma kujerar baya ta yanke wa kanta hukuncin cewa ita bata da ƙwaƙwalwa, ta daina ɗaga hannu, malami kuma yana ta gudu da na gaba saboda su ne zasu hau allo. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Na kuma ga wadda zama cikin masu ƙoƙari ya zaburar da ita, wannan ke da babanta ne kuka san wace iri ce taku, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu batun zuwa. Kar kuje ranar da suka ware wa baƙi, wannan ranar kwalliya ce, an share an goge an zaɓo yara masu baki an koya musu abin da zasu faɗa. Kuje ranar aiki haka kawai da hantsi lokacin da ake tsakiyar darasi, ku nemi a zaga daku, in aka ce ba'a shiga sai da alƙawari ku karɓi alƙawarin amma ku tabbatar ranar karatu ce ba ranar hutu ba. Kina tafiya a baranda ki riƙa leƙawa kina ƙirga aji nawa ne babu malami a ciki, aji nawa ne wani ɗalibi yake kwafar rubutu a allo malamin yana waje yana danna waya. Ki saurara kiji ko akwai ajin da muryar yara take fitowa suna tambaya, ko kuwa muryar malami ce kaɗai daga farko har ƙarshe. Ki kalli yadda yara suke yi in babba ya tunkaro su, gaisuwa daban, firgita daban, ido yana rabewa.

Sai ki nemi ganin littafin rubutun ɗalibi, ba wanda zasu ɗauko miki daga ofis ba, ki nuna wata yarinya da take zaune a tsakiyar aji ko can baya ki ce ko zan iya ganin na lissafinta. Wallahi littafin nan ya fi firinsifal faɗin gaskiya. Ki duba yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi, in an yi mata kuros an nuna mata inda ta kauce ko kuwa kawai an zabga sifili an wuce, aikin da aka bata ta gyara an sake dubawa? Malamin da yake da yara sun fi ƙarfinsa ba zai iya wannan ba ko yana so, shi yasa daga littafin zaki gane yawan yaran aji ko da sun gaya miki wani adadi daban.

Ki shiga banɗakin ɗalibai, na ɗalibai nace ba na baƙi ba. Mutane suna dariya in na faɗi haka amma ni da shi nake auna shugabancin makaranta, domin shine wurin da mai makaranta baya shiga kuma baƙo baya gani, wanda ya kula da shi toh ya kula da sauran. Ga ki da 'ya mace 'yar shekara 11, a cikin makarantar nan zata fara al'ada in bata riga ta fara ba, akwai ruwa, ƙofar tana kulluwa, akwai inda zata jefa abin da ta cire, akwai macen da zata je wajenta ba tare da jin kunya ba in abin ya zo mata a tsakiyar darasi? Na san yaran da suke ƙin shan ruwa tun safe har a tashi dan kar fitsari ya kama su saboda ƙazantar banɗaki, yaya mai wannan halin zata fahimci darasi.

Sannan malamai. Gini baya koyarwa, mutum ne yake koyarwa, saboda haka ki tambaya malamin lissafi da na kimiyya da na harshe waɗanda zasu ɗauki aji ɗaya su waye, me suka karanta, shekara nawa sukayi a nan. In kika ji duk wanda aka ambata bana ya zo ko bara, toh akwai abin da yake korar su, yawanci albashi ne baya zuwa akan lokaci ko wulaƙanci, ruwa baya tsami banza, kuma yaran ne suke biyan bashin domin duk sabon malami daga inda ya ga dama yake farawa. In kin samu dama ki ɗan ja wata malama gefe kiyi mata tambaya ɗaya, ke naki yaran a nan suke? Ki kalli fuskarta kafin ta amsa. Maigadi ma kar ki raina shi, ya fi kowa sanin wa yake shiga wa yake fita da ƙarfe nawa. Wanda kuma duk ya fi su amfani shine uba ko uwar da suka cire ɗansu daga makarantar, ki nemo ko mutum ɗaya ne kiji dalili, ba lallai ki yarda da duk abin da zai faɗa ba amma zaki san inda zaki ƙara zura ido.

Zasu kai ku ɗakin kwamfuta, wannan kam ba makawa, da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da laburare. Ki shafa saman tebur ki ga ko akwai ƙura, ki tambayi yaro yaushe rabonsa da shiga. Kar yawan na'ura ya ruɗe ku, a 2015 ƙungiyar OECD ta haɗin kan ƙasashe akan tattalin arziki, mai shirya jarrabawar PISA da ake auna ɗaliban ƙasashe daban-daban da ita, ta fitar da rahoto cewa ƙasashen da suka zuba kuɗi sosai wajen cika makarantu da kwamfuta basu ga wani cigaban a zo a gani ba a karatu da lissafi da kimiyya. Kayan suna da amfani in akwai mai koyarwa da su, shikenan.

Tambayar da zaki yi wa firinsifal ido da ido ita ce, in yarinya ta faɗi lissafi zango biyu a jere me kuke yi mata? Mai amsar kirki zai gaya miki wa yake lura, yaushe ake kiran iyaye, wane lokaci ake zama da ita. In yace ai mu yaranmu basa faɗuwa, ki tuna da allon nan da labarin da na baki.

Yanzu ga inda hankalina yafi tashi a saƙonki, kika ce ko an cuceta bata iya faɗa. Ƙanwata wannan ba ƙaramar magana bace ga yarinyar da za'a kai inda zata kwana ta tashi cikin waɗanda suka girme ta da shekara biyar ko shida. Hukumar UNESCO a rahotonta na 2019 tace kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya 'yan'uwansa ɗalibai sun zalunce shi aƙalla sau ɗaya a cikin wata guda kafin a tambaye shi, kinga kenan babu makarantar da zata ce ita kam babu, mai tsada da mai araha, ta kwana da ta jeka-ka-dawo. Bambancin kawai wata tana kamawa ta hukunta wata kuma tana rufewa dan kar sunanta ya ɓaci. Saboda haka kar ki tambaya ko ana cin zali a nan, kowa a'a zai ce miki. Ce masa zakiyi, yaushe rabon da babban ɗalibi ya zalunci ƙarami har maganar ta zo gabanku, me kukayi? Wanda ya baki labari ba tare da kama suna ba, yace mun kira iyaye mun yi kaza, wannan yana aiki. Wanda yace bai taɓa faruwa ba ko dai bai san makarantarsa ba ko yana ɓoye miki, duk biyun kuma ba alheri. Ki tambaya siniyoyi suna da ikon hukunta ƙanana da kansu ko aiken su, wace babba ce take kwana a cikin ɗakin kwanan ko dab da shi kuma yara nawa ne a hannunta, maza ma'aikata suna shiga ɓangaren 'yan mata, in yarinya tana so ta kira gida ta yaya kuma wa yake tsaye a kanta lokacin da take maganar, domin wayar da ake yi metiron tana tsaye tana saurare ai lafiya lau kawai zaki ji. Ki tambaya in kin zo ba ranar ziyara ba saboda hankalinki bai kwanta ba za'a barki ki ganta? Makarantar da tace sam ko da dalili, ni kam bana kai nawa.

Ita mai jeka-ka-dawo ribarta a nan ɗaya ce amma babba, duk yamma zaki ga fuskar 'yarki, in ta dawo ido ya kumbura ko ta daina cin abinci ko ta fara ciwon ciki duk safiyar makaranta zaki gane ko bata buɗe baki ba.

Asma kuma ba ta hana zama makarantar kwana, yara da yawa suna yi lafiya, amma ciwo ne da yafi son tashi da dare ko da asuba, daidai lokacin da ofis yake kulle. Toh abin shaƙarta a hannun wa zai zauna? Akwai makarantun da suke karɓe duk wani magani su kulle a ɗakin jinya, wannan ga mai asma haɗari ne, na buɗe ƙirjin nan dole ya zama inda hannunta zai kai cikin duhu. Nas tana kwana a makarantar ko tana tashi da yamma, akwai mota da direba da dare, minti nawa ne zuwa asibiti mafi kusa, kuma a wane mataki suke kiran iyaye? Ki duba ɗakin kwanan da kanki, iska tana shiga, gado nawa aka cusa, ana kunna maganin sauro mai hayaƙi, su waye suke shara da sassafe cikin ƙura, tunda ƙura da hayaƙi da sanyin asuba duk suna tayar da ita. Kafin ma ku yanke komai ku kaita wajen likitanta ku ce ga abin da muke tunani, shi zai gaya muku ko ciwon ya kwanta yadda zata iya kula da kanta. Ki karɓi jadawalinsu na yini ki ƙirga awannin barci, likitocin barci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, daga 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10, wasu makarantun har alfahari suke wai yaransu basa barci saboda karatu, alhali a aji suke rama shi.

Kuɗi kuwa ba zan daɗe a kai ba domin lissafi ne. Ku zauna da biro da takarda, kuɗin zango sau yawan zangon shekara sau shekarun da zata yi, ku ɗora yunifom da littattafai da kuɗin jarrabawa da na ziyara da duk ɗan abin da ake ƙirƙirowa a tsakiyar zango, ku nemi a baku duka a rubuce, ku tambaya sau nawa suka ƙara kuɗi cikin shekara uku da suka wuce. Sannan ku tuna kafin ta gama ƙannen nan biyu sun iso, kuma ba zaku iya ce musu ita ce kaɗai ta cancanta ba. In tun zangon farko sai da bashi toh na tara fa? Ban ga abin da yake karya yaro kamar a kira sunansa a gaban 'yan aji a ce ya tattara ya tafi gida sai an biya ba, ko a cire shi a tsakiyar hanya a kai shi inda bai san kowa ba kuma kowa ya san dalilin zuwansa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kar kuma ki ɗauka na ɗaga wa taki makarantar ƙafa. Duk abin da na lissafa ki auna ta da shi ita ma, ki ƙara da tabbatar da cewa hukumar ilimi ta san da zamanta da takarda a hannu, kuma a cikinta yaranta suke zama jarrabawar fita ba ɗaukar su ake zuwa wani wuri ba. Wasu ƙananan makarantun suna da kyau a ajujuwan farko amma da an kai manyan aji inda ake buƙatar malamin fiziks daban na kemistiri daban sai kiga mutum ɗaya yana riƙe da darasi huɗu. Ki bi hanyar da zata riƙa bi a daidai lokacin da zata riƙa binta, wa zai kaita wa zai ɗaukota, in ta dawo wa zata tarar, akwai inda zata zauna tayi aikin makaranta ko kuwa tana ajiye jaka rainon ƙanne da wanke-wanke zasu hau kanta har dare. Wannan na ƙarshen naki ne, kuma in kin ce ta zauna a gida toh kin ɗauki alƙawarin kare mata lokacin karatunta. Wataƙila ma abin da babanta yake hangowa kenan bai faɗa ba.

In ra'ayina kike so, da abin da kika faɗa min kawai, shekara 11 da rashin iya kai ƙara da asma da bashi sun taru sunyi yawa a wuri ɗaya, ni zan fi son ta fara daga gida in har ta kusan ta ci waɗannan gwaje-gwajen, in ta kai shekara 14 ko 15 bakinta ya buɗe ta iya sarrafa ciwonta ku ma kun ɗan tara wani abu sai a sake duba maganar kwanan dan manyan ajujuwa, ki tambaye su tun yanzu ko suna ɗauka a wannan matakin. In kuma duk biyun basu yi ba ai ba su kaɗai bane makarantu, ku nemi ta uku.

Shi kuma maigida kar ki tare shi da cewa Anti tace kaza, wannan sabuwar rigima ce. Mutumin da yake shirin cin bashi dan 'yarsa mace tayi karatu mai kyau ba abokin faɗa bane, ki fara da yi masa godiya akan haka da gaske. Sai ki ce masa kin yarda kuje ku ga tasa da zuciya ɗaya in shi ma zai raka ki ku ga taki, kuma tambayoyin iri ɗaya zaku yi a duk biyun, ki bar shi shi yayi ta allon da ta kuɗin da bakinsa, abin da mutum ya ji da kunnensa yafi shigarsa akan wanda matarsa ta gaya masa. Ki roƙe shi ya tambayi abokan nan nasa abu ɗaya, me yaransu suke kuka da shi in sun dawo hutu, ba me suke ci a jarrabawa ba. Ku tafi da yarinyar duk wuraren biyu, kar ku tsare ta da wacce kike so a gabanku tare domin zata duba fuskokinku ne ta faɗi abin da ba zai ɓata wa kowa ba, ki bari sai kuna wani aikin ku biyu ki ce mata me kika gani a can, me ya baki tsoro, ki yi shiru ki jira ko zata daɗe bata amsa ba. Kuma ko ina aka ƙare, daga yau ki fara sata tana faɗin abin da yake damunta da bakinta, ko a wajen likita ki bari ita tayi bayanin ƙirjinta kar ki amsa mata.

In kun je kun dawo ki rubuto min, ina so inji amsar da suka baku akan yawan yaran da suka shigo aji ɗaya.